Ciwon Jikin Da Gwaji Ba Ya Gani: Kemis, Asibiti, Gashi Ko Hijama?

Shekara huɗu Adda ta yi tana fama kafin wani ya faɗa mata sunan abin da ke damunta. Yayata ce, malamar firamare a nan cikin garin Gombe. Da asuba in ta farka sai ta zauna a bakin gado ta daɗe ba ta miƙe ba, tana matsa kafaɗa, tana cewa ji take kamar an kwana ana dukanta da taɓarya. Ciwon ba ya zama wuri ɗaya: yau wuya da kafaɗu, gobe ƙugu da cinyoyi, jibi ko fatar hannunta ba ta son a taɓa. Ta yi barcin awa takwas ta tashi kamar ba ta runtsa ba. Tana cikin bayani a aji kalma ta ɓace mata. A ƙarƙashin gadonta akwai wata baƙar leda cike da takardun gwaji da kwalayen magani. Ranar da na zazzage ta na ƙirga, sau shida aka yi mata maganin taifot, na maleriya kuwa ya fi ƙarfin lissafi. Hoton ƙashi lafiya, jini lafiya. Daga nan sai bakin mutane ya buɗe: wannan ya ce son jiki ne, wancan ya ce sammu, Goggo ta ce sanyi ne ya shige ta tun jegon autanta.

Sunan ciwon faibromiyaljiya. Ba mu da kalmarsa a Hausa, amma muna da masu shi, domin a ƙasashen da aka yi ƙidaya ana samunsa a jikin mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma mata sun fi yawa. Ba ƙashi ne ya lalace ba, ba gaɓa ce ta kumbura ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa laka da ƙwaƙwalwa ne suka zama kamar lasifikar masallaci da aka ƙure wa murya: ko numfashin ladan sai unguwa ta ji. Taɓawar da wani ba zai kula da ita ba, mai wannan ciwo zafi yake ji, kuma zafin na gaske ne. Ba ya karya gaɓa, ba ya shanye jiki, ba ya kisa, sai dai yana cinye kuzarin mutum da walwalarsa in ba a san yadda za a zauna da shi ba.

Na rubuta wannan ne domin wanda aka faɗa wa sunan ciwon, ko yake zargin shi ne, ya rasa inda zai nufa, kowa na jan hannunsa.

Kafin a zaɓi hanya, a tabbatar shi ne

Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna shi. Likita yana gane shi ne daga labarin mara lafiya da duba jiki. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta sa ƙa'idar danna wurare 18 a jiki, in 11 sun yi zafi sai a ce shi ne. An sauya wannan a 2010, aka sake gyarawa a 2016. Yanzu abin da ake dubawa shi ne ciwo a aƙalla sassa 4 cikin 5 na jiki, wanda ya kai wata 3 ko fiye, tare da gajiya, da barcin da ba ya hutar da mutum, da mantuwa ko rashin tattara hankali. Sau da yawa ciwon kai da kumburin ciki da damuwa suna biyo baya.

Gwajin da ake yi, don a kore wasu cututtukan ne masu kama da shi: ƙarancin jini, raunin halittar maƙogwaro da ake kira tayirod, amosanin gaɓɓai mai kumburi, ciwon suga, ciwon hanta, da ƙarancin bitamin D. Wannan na ƙarshe ya kamata a tambaye shi musamman ga matan da ba sa samun rana sosai, domin yana sa ciwon ƙashi da raunin cinyoyi, kuma yana da magani mai sauƙi. Mai shan ɗanyen nono ko mai hulɗa da shanu da awaki, kamar yadda muke da su da yawa daga Dukku har Darazo, ya faɗa wa likita, akwai cutar dabbobi da ke kawo ciwon jiki da zazzaɓi na tsawon watanni. Gwajin taifot ɗin nan na jini kuwa da ake yi a kowane lungu, yakan nuna akwai ko da babu, shi ya sa Adda ta sha maganin cutar da ba ta da ita har sau shida.

In akwai kumburin gaɓa mai zafi, ko zazzaɓin da ba ya tafiya, ko rama, ko gumin dare, ko hannu da ƙafa sun rasa ƙarfi, ko ciwon ya fara ne bayan shekara 50, to a ajiye zancen faibromiyaljiya tukuna a je a bincika da kyau. Likitocin gaɓɓai ba su da yawa a Najeriya, amma ba dole sai su ba. Likitan da ke duba marasa lafiya na yau da kullum a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko asibitin tarayya na Azare, zai iya tantancewa, ya tura gaba in ya ga da buƙata.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Tambaya ta farko a kan kowace hanya: tana rage ciwon da gaske, tana gyara barci? Ta biyu kuɗi, kuma ba kuɗin yau ba, na wata shida, tunda ciwon ba baƙon kwana uku ba ne. Ta uku ɗorewa, wato amfanin zai zauna ko da an daina sai a koma gidan jiya. Ta huɗu sauƙin samu, ga mace mai yara da girki, ko wanda sai ya hau mota daga Nafaɗa ko Ningi kafin ya ga likita. Ta biyar haɗari.

Haɗin kemis

Da shi kowa yake farawa, don haka da shi zan fara. Ka je ka ce jikinka na ciwo, a ƙulla maka ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda, babu suna babu takarda. Yawanci a ciki akwai farasitamol, da daikulofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci da deksametason ko firednisolon, wani lokaci har da tiramadol.

A ido shi ne mafi arha kuma mafi kusa. Matsalar ita ce su daikulofenak magungunan kumburi ne, shi kuwa wannan ciwo babu kumburi a cikinsa. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, a shawarwarinta na 2017, ba ta goyi bayan amfani da su ba, su deksametason kuwa ta hana su da kakkausar murya. Abin da mutum zai tsira da shi bayan watanni yana sha kullum shi ne olsa, hawan jini, da ƙoda mai rauni. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san babu arha a wannan hanya. Deksa kuma tana yaudara: kwana biyu mutum ya ji garau, ya ci abinci, fuska ta cika, 'yan'uwa su ce ai ya samu lafiya. A ƙarƙashi suga na hawa, ƙashi na laushi, kuma in an daɗe ana sha ba a yanke ta rana ɗaya, sai likita ya rage a hankali.

Tiramadol sai an yi masa adalci. Shawarwarin Turai na 2017 sun bar masa 'yar ƙaramar ƙofa ga masu ciwo mai tsanani a hannun likita, amma hukumar da ke tsara jiyya a Ingila ta rufe ƙofar a 2021 ga irin wannan ciwo mai daɗewa. A nan ƙasar kuwa mun ga abin da ya yi wa matasa: binciken da aka fitar kan shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, mai 225 da ke yawo a kasuwa haramtacce ne. Jiki yana sabawa da shi da wuri, yana kawo farfaɗiya ga wasu, kuma haɗa shi da magungunan da zan ambata a ƙasa yana da haɗari. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: wannan hanya ba zaɓi ba ce. Farasitamol jefi-jefi don ciwon kai ko wani ciwon daban, babu laifi.

Magungunan da likita ke rubutawa

Guda uku ne za a fi cin karo da su a Gombe da Bauchi, kuma dukansu a jijiya suke aiki, suna rage muryar lasifikar nan.

Amitiriftilin tsohon magani ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma shi ne mafi arha da nisa. Ana ba da ɗan kaɗan, miligiram 10 zuwa 25 da dare, ba yawan da ake bai wa masu ciwon damuwa ba. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin Adda da ta karanta takardar cikin kwalin ta ga an ambaci damuwa, sai ta ajiye shi mako biyu tana cewa likita ya ɗauke ta mai taɓin hankali. Babban amfaninsa gyaran barci, kuma in barci ya gyaru ciwo yakan sassauta. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana ƙara ƙiba, yana sa nauyin jiki da safe. Dabarar da ta yi wa Adda aiki ita ce shan sa tsakanin Magariba da Isha'i maimakon sai za ta kwanta, sai ta daina makara sallar Asuba. Da azumi ma bai hana ta komai ba tunda sau ɗaya ne da dare. Mai ciwon zuciya, ko hawan ruwan ido, ko dattijo mai wahalar fitsari, sai ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta. A ɓoye shi nesa da yara sosai, yawansa yana kisa. Ga wasu kuma amfanin yana raguwa bayan watanni.

Duloksetin, mai sunan kasuwa Cymbalta, Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2008. Akan fara da miligiram 30 a kai 60. Ya fi dacewa da wanda ciwon ya haɗe masa da ƙuncin rai ko fargaba. Makon farko yakan zo da tashin zuciya da jiri, sannan su lafa. Ya fi amitiriftilin tsada sosai, ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, kuma ba a yanke shi kwatsam, sai jiri da rashin barci su taso. Saboda haka kafin a fara a yi lissafi: zan iya sayensa wata shida ba fashi? In amsar a'a ce, gara a faɗa wa likita ya duba wani.

Firegabalin, wanda aka fi sani da Lyrica, shi aka fara amincewa da shi don wannan ciwo a Amurka a 2007. Yana taimaka wa ciwo mai zafi kamar wuta ko tsira kamar allura, yana kuma sa barci. Yana kawo jiri, ƙiba da kumburin ƙafa, jiki yana sabawa da shi, kuma ya shiga cikin ƙwayoyin da matasa ke sha don maye, har Ingila ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido a 2019. Mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita kafin ta taɓa shi, haka mai matsalar ƙoda. Akwai masu arha da ba na kamfanin asali ba, sai dai a saya a kantin magani mai rajista a duba lambar NAFDAC.

Ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba: babu ɗaya cikinsu da ke warkarwa, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, firegabalin ya ba da sauƙi mai yawa ga kusan ƙarin mutum 1 cikin 10 a kan waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba magani a ciki, duloksetin kuwa kusan 1 cikin 8. Ma'ana, a gwada ɗaya na mako 4 zuwa 8, in babu canji a koma a faɗa, a sauya ko a daina. Wanda ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, GoHealth a Gombe ko BASHCMA a Bauchi ko NHIA ta tarayya, ya tambaya a asibitin da ya yi rajista wanne ne cikin ukun tsarin yake biya.

Motsa jiki da ɗakin gashi

A nan zan daɗe, domin a nan alherin yake, kuma nan ne mutane suka fi ƙi. A cikin duk hanyoyin da ƙungiyar Turai ta auna a 2017, motsa jiki kaɗai ta bai wa goyon baya mai ƙarfi. Sauran da ta amince da su, har da magunguna ukun nan da likita ke rubutawa, goyon baya mai rauni suka samu.

Ranar da na faɗa wa Adda haka sai ta dube ni ta ce, "Ni da nake wanki da shara da tsayuwa a aji wuni guda, wane motsa jiki kuma ya rage?" Tambayarta tana kan hanya, kuma amsar ita ce aikin gida da motsa jiki na jiyya ba abu ɗaya ba ne. Abin da take yi shi ne, ranar da ta ji dama-dama sai ta kwashe wankin mako, ta share gida, ta yi daka, ta je kasuwa, don ta rama kwanakin da ta kwanta. Washegari sai jiki ya rushe, ta yi kwana uku a kwance. Haka take ta juyawa, kullum ƙarfin yana raguwa. Abin da ake so shi ne kishiyar haka: kaɗan, kullum, daidai gwargwado, ko ranar daɗi ko ranar wuya.

Ta fara da tafiyar minti 5 a tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa zaure ta dawo. Bayan mako ta ƙara minti 2. Makonni biyun farko ciwon ya ɗan ƙaru, kuma a nan ne yawancin mutane ke dainawa su ce abin bai karɓe su ba. Ƙa'idar ita ce, in ƙarin ciwon ya wuce kwana ɗaya, an yi yawa, sai a koma adadin baya, ba a daina ba. Cikin wata uku ta kai minti 25, sau huɗu a mako. Daga baya ta ƙara da tashi da zama a kan kujera sau goma, da ɗaga gorar ruwa ƙarama a kowane hannu. Ana fara ganin amfani ne tsakanin mako 6 zuwa 12, ba kafin nan ba.

Lokaci yana da tasiri a yanayinmu. Da hunturu, a Disamba da Janairu, masu ciwon da yawa suna cewa jikinsu ya fi sandarewa, sai a jira hantsi ya ɗaga. Da bazara, a Maris da Afrilu da Gombe ke zama kamar tanda, bayan sallar Asuba ko dab da Magariba ya fi. Matar da ba ta fita ba ta da asara, tsakar gida ya wadatar, kuma ga rana kyauta. Maza da masu iya fita suna da kewayen filin wasa na Pantami ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi.

Sashen gashi na asibitocin koyarwa na Gombe da Bauchi yana da amfani, amma a san abin da za a je nema. Mutane sun ɗauka gashi shi ne a kwantar da kai a kunna fitila mai zafi ko na'ura. Wannan yana da daɗi na awa biyu. Babban abin da ma'aikacin gashi zai ba ka shi ne tsari: ya auna inda ƙarfinka ya tsaya, ya koya maka miƙe jijiyoyi da atisayen da za ka yi a gida. Zuwa uku ko huɗu na koyo ya fi zuwa ashirin na kwanciya, ga aljihu ma ya fi sauƙi, musamman ga mai biyan kuɗin mota.

Ruwan ɗumi yana cikin abubuwan da aka gwada aka ga suna taimakawa, musamman motsa jiki a cikinsa. Allah ya ba mu ruwan Wikki a Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri, wanda ɗuminsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina. Wanda ya samu hali ya je ya shiga zai ji daɗin jikinsa, amma zuwa ɗaya a shekara hutu ne, ba jiyya ba. Abin da zai ɗore shi ne bokitin ruwan ɗumi da safe kafin a fara motsi, da tawul mai ɗumi a wuya da kafaɗa.

Raunin hanyar motsa jiki ɗaya ne: ranar da aka daina, amfanin yana fara zubewa. Haɗari kuwa kusan babu, in dai an fara a hankali. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ya fara jin ta bakin likita.

Gyaran barci da zama da masanin halayya

Barci da ciwo suna ciyar da juna. Lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya, a bar shayi mai kauri da kofi da goro daga La'asar, a ajiye waya, ƙailula kada ta wuce rabin awa. Wannan kyauta ne. Mai minshari mai ƙarfi da ke farkawa yana haki ya faɗa wa likita, wata cutar ce daban mai magani.

Akwai kuma jiyya ta tattaunawa, inda masani ke koya wa mutum yadda zai raba aikinsa, ya rage tsoron motsi, ya kama tunanin da ke hura wutar ciwo. Ba ta cire ciwo da yawa, amma tana rage nakasar da yake jawowa, kuma abin da aka koya yana zama. Cikas ɗinta biyu: masu yin ta kaɗan ne, sai a asibitocin koyarwa, sannan mutanenmu suna jin kunyar a gan su a sashen ƙwaƙwalwa. Wanda ƙunci ya kai shi ga daina cin abinci, ko yawan kuka, ko tunanin gara mutuwa, wannan ba lokacin kunya ba ne, a kai shi a ranar.

Hijama, ƙaho, tausa da jiƙo

Ba zan raina abin da iyayenmu suka dogara da shi ba. Hijama tana da matsayinta a addini, kuma masu yi suna cewa suna jin sauƙi na kwanaki. Game da wannan ciwo dai, wani gwaji da aka yi a Jamus a 2016 da ƙaho marar tsaga ya nuna ya fi zama haka nan, amma bai fi ƙahon wasa da aka yi don kwatance ba. Wanda zai yi, ya tabbatar reza sabuwa ce an ɓare ta a gabansa, kofunan ma ba a yi wa wani da su ba, domin ciwon hanta yana bin jini kuma yana da yawa a ƙasar nan. Mai ƙarancin jini kada ya yawaita.

Tausa mai laushi da man kaɗanya ko man zaitun tana kwantar da jiki kafin barci. Mai ƙarfi irin ta 'yan dambe tana tayar da ciwon. Jiƙon da ake sayarwa a jarka da garin maganin da ake shela a mota a tasha, su nake jin tsoro, domin ba ka san abin da ke ciki ba, kuma an sha samun irinsu da aka cakuɗa da ƙwayoyin Bature. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, ba sa karo da kowace hanya a nan. Abin da ya yi wa Adda illa shi ne wani mai magani da ya ce mata sammu ne daga cikin dangin miji. Kuɗi sun tafi, zumunci ya yi rauni, ciwo yana nan.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewar amfani | Sauƙin samu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Haɗin kemis | Kaɗan kullum, mai yawa a ƙarshe | Awanni | Ko'ina | Babba: ƙoda, olsa, sabo |
| Amitiriftilin | Kaɗan | Watanni, yakan ragu | Da sauƙi | Matsakaici |
| Duloksetin | Mai yawa | Muddin ana sha | Sai manyan kantuna | Matsakaici, ba a yanke shi kwatsam |
| Firegabalin | Matsakaici zuwa mai yawa | Muddin ana sha | Ana samu | Jiri, ƙiba, sabo |
| Motsa jiki da gashi | Kyauta a gida, kaɗan a asibiti | Mai tsawo in an ɗore | Tsakar gida ya isa | Kaɗan ƙwarai |
| Gyaran barci da tattaunawa | Kyauta zuwa matsakaici | Mai tsawo | Barci a gida, masani a birni | Babu |
| Hijama da tausa | Matsakaici | Kwanaki | Da sauƙi | Cutar jini in babu tsafta |
| Jiƙon da ba a san haɗinsa ba | Ba shi da iyaka | Babu tabbas | Ko'ina | Hanta da ƙoda |

Wa ya dace da wanne

Wanda har yanzu ba likitan da ya tabbatar masa, kuɗinsa na farko ya tafi ga yankar kati da gwaje-gwajen kore sauran cututtuka, sau ɗaya, a wuri ɗaya. Ya tafi da ledar magungunansa duka, da takarda da ya rubuta inda ke masa ciwo da tun yaushe.

Wadda babbar damuwarta barci ce kuma aljihu ba nauyi, ta fara tafiyar minti 5, ta gyara lokacin kwanciya, ta tambayi likita ko amitiriftilin ya dace da ita. Wannan haɗin ne ya mayar da Adda aji. Har yau tana da ranakun da take yin salla a zaune, amma sun koma biyu ko uku a wata.

Wanda ciwon ya haɗe masa da ƙunci ko fargaba, duloksetin da zama da masanin halayya sun fi kusa da buƙatarsa, in zai iya ɗaukar kuɗin wata shida, tare da tafiyar dai. Mai ciwo kamar wuta da bai samu sauƙi da maganin farko ba, shi ne za a yi wa tunanin firegabalin, ban da wanda ya taɓa faɗawa shaye-shaye, kuma a gidan da ke da samari a kulle shi a akwati.

Mai ciki, mai shayarwa, da mai neman haihuwa, su riƙe motsa jiki da ruwan ɗumi da barci, kada su sha komai sai da sanin likitan da ke duba su. Dattijo mai hawan jini ko suga ko raunin ƙoda ya nisanci haɗin kemis gaba ɗaya, ya nemi tsarin atisaye daga ɗakin gashi.

Mutumin ƙauye da zuwa birni ke masa wuya ya yi ƙoƙarin zuwa biyu: na farko a tantance a koya masa atisaye, na biyu bayan wata biyu a duba ko maganin ya karɓe shi. Wanda kuma ya riga ya daɗe a kan tiramadol ko deksa, kada ya watsar yau saboda ya karanta wannan, ya ɗauki kwalin ya kai wa likita a tsara masa yadda zai sauka a hankali.